INJIN BAN RUWA YA ƘI TASHI: MU BI SAWUN WUTA

  

A watan Janairu na 2024 muka ziyarci wata ƙungiyar gama kai ta ikilisiya a ƙasar Kafur. Mutum 9 ne suka haɗa kuɗi suka sayi injin ban ruwa mai bakin inci 3, suna yin karɓa-karɓa da shi. Muka iske injin a bakin rafi, kwana 4 ke nan bai yi ƙara ba. Tumatir kuwa yana cikin fure. Ganye ya yi yaushi, furen ya soma zuba.

Dattijon da yake shugabansu ya ce, "Malam, wuta ce ta ɗauke. An ce mana kwayil ne. Mun aika Malumfashi an sayo sabo, an ɗaura, shiru. Yanzu kuma ana cewa wanda aka sayo jabu ne, sai a tafi Funtua."

Muka ce, "Baba, kafin a tafi Funtua, a ba mu izini mu duba abu ɗaya."

Muka buɗe murfin baƙin mai, sai ga shi ya yi ƙasa. Ga injin kuma a karkace, gama ruwan rafi ya janye, sun bi shi da injin har kan gangare. Muka gyara masa mazauni, muka ƙara baƙin mai wanda bai wuce gwangwanin madara ɗaya ba, muka cika famfon da ruwa. A ja na biyu ya tashi. Daga baya muka gwada tsohon kwayil, lafiyarsa lau. Kuɗin da aka kashe a kan sabon kuwa daga asusun taki aka cire shi, furen da ya zuba kuma bai komo ba.

Ba mu ba da labarin nan don mu yi wa kowa dariya ba. Mu ma mun taɓa sayen abin da bai lalace ba. Abin da muke so kowace ƙungiya ta riƙe shi ne: idan inji ya ƙi tashi, kada a yi kirdado, kada kuma a sayi kome sai an gwada. A bi sawun wutar daki-daki, daga abu mai araha zuwa abu mai tsada.

DAGA JIGO ZUWA INJI

Iyayenmu da jigo suka yi lambu, da guga da ƙwarya. Shirin Noma na Funtua, wanda aka soma a 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya kawo wa ƙasashen Funtua, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari hanyoyin karkara, rumbunan sayar da taki da ƙananan madatsun ruwa. Daga baya shirin Fadama na ƙasa, wanda ya soma a 1993, ya yaɗa ƙananan injuna masu shan fetur da rijiyoyin bututu a Arewa. Yau daga Mairuwa da Gwaigwaye har fadamun Danja, ƙarar inji ce take tashin mai lambu da asuba.

Inji ya faɗaɗa lambu, amma ya zo da nasa nauyi. Igiyar jigo idan ta tsinke, kowa ya iya ɗaure ta. Inji kuwa idan ya tsaya, mutum 9 sai su tsaya tare da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na babur da na kayan gyara duk suka tashi. Kowace tafiya ta banza zuwa gari, hasara ce ga asusun ƙungiya.

ABU UKU DA INJI YAKE BUKATA

Injin fetur yana bukatar abu uku kafin ya tashi. Na ɗaya, fetur gauraye da iska. Na biyu, matsi, wato fistin ya matse su ƙwarai. Na uku, tartsatsin wuta a daidai lokacinsa. In ɗaya ya ɓace, inji ba zai tashi ba, ko da mutum ya ja igiya har kafaɗa ta goce.

Injunanmu ba su da batir. To, daga ina wutar take fitowa? A bayan murfin igiya akwai wani faranti mai nauyi wanda makanikai suke kira fulawil. A gefensa an manna maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Kusa da shi aka ɗaure kwayil, wanda a cikinsa akwai siririyar waya da aka naɗa dubban zagaye. Duk sa'ad da maganaɗisun ya gilma ta gaban kwayil, sai a sami wuta mai ƙarfin da ya wuce bolt 10,000. Ita ce take bi ta cikin baƙar waya mai kauri, ta shiga hular fulogi, ta yi tsalle a bakin fulogi, ta kunna fetur. Inji mai juyi 3,600 a minti yana yin tartsatsi sau 60 kowace daƙiƙa. Wannan dabara tsohuwa ce. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da irinta tun 1902.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Makunnin injin nan ba ya ba da wuta, kashe ta yake yi. Akwai wata siririyar baƙar waya da ta fito daga kwayil zuwa makunni. In aka murɗa zuwa inda aka rubuta OFF, sai makunni ya haɗa wayar da jikin inji, wuta ta zurare can, fulogi ya rasa. Saboda haka duk abin da ya sa wayar nan ta taɓa ƙarfen inji, ya kashe injin, ko da kwayil sabo ne fil.

Injunan Honda na zuriyar GX, waɗanda aka soma ƙerawa a 1983, da masu kwaikwayonsu, da yawansu suna da wani ɗan mai gadi a cikin baƙin mai. A jikin wasu an rubuta Oil Alert. In baƙin mai ya yi ƙasa, ko inji ya karkace har man ya taru gefe ɗaya, sai mai gadin ya kashe wutar ta wannan hanya, domin kada inji ya ƙone. Shi ne ya tsai da injin 'yan'uwanmu na Kafur. Aikinsa ya yi, bai yi laifi ba.

KAYAN AIKI

Ba su da yawa: sifanar fulogi, sifana mai lamba 10, sukudireba, filaya mai hannun roba, ɗan buroshin ƙarfe, samfefa mai laushi, tsumma mai tsabta, da sabon fulogi ɗaya a cikin kwalinsa. A ƙara da tsohon katin banki, za mu faɗi amfaninsa.

MATAKI NA 1: ABIN DA BA YA CIN KO KWABO

Kafin a kwance kome, a duba waɗannan. Makunni yana kan ON? Famfon fetur a buɗe yake? Akwai fetur a tanki? An rufe cok, in injin da sanyi? Injin yana zaune daidai, bai karkace ba? Sa'an nan a buɗe murfin baƙin mai. A kan GX160, man ya kamata ya kai bakin ramin. Dukan abin da yake ɗauka wajen lita 0.6 ne, wato bai cika kwalbar lemo biyu ba. Abu kaɗan in ya ragu, ya isa ya tsai da aiki.

MATAKI NA 2: A TAMBAYI FULOGI

A ja igiya sau 5 ko 6, sa'an nan a share ƙurar da take kewaye da fulogi, a kwance shi, a dubi bakinsa. Fulogi ba ya ƙarya.

1. In ya bushe ƙayau, babu ko warin fetur, to, fetur ne ba ya isowa. Laifin yana tanki, ko tiyo, ko kafireta. A bar zancen wuta.
2. In ya jiƙe da fetur, mai yana zuwa amma ba ya kamawa. A nan ake zargin wuta, ko kuwa mai ya yi yawa.
3. In ya yi baƙin kunkunniya busasshe, fetur ya fi iska yawa. Ko an bar cok a rufe ana aiki, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska.
4. In ya yi baƙi mai maiƙo, baƙin mai yana haurowa. Ko an cika shi ya wuce kima, ko ringin fistin ya cinye.
5. In ya yi fari fat kamar alli, injin yana zafi ainun, fetur ya yi masa kaɗan.
6. In launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, wannan fulogi mai lafiya ne.

A dubi farin tangaran ɗin kuma. In ya tsage, a yar da shi. In datti ne kawai, a goge da buroshi, a shanya.

Sai tazarar baki. A kan GX120 da GX160, fulogin da aka tsara shi ne NGK BPR6ES, tazararsa milimita 0.7 zuwa 0.8. Katin banki kaurinsa milimita 0.76 ne. A zura gefensa mai santsi, inda babu rubutu mai tudu. In ya shiga da ɗan matsi, daidai ne. In yana lilo, a danna ƙugiyar fulogin a hankali.

MATAKI NA 3: A GA WUTAR DA IDO

A rufe famfon fetur. A share duk man da ya zuba. A sa fulogi cikin hularsa, a riƙe hular da filaya mai hannun roba, a dafa zaren fulogin a kan ƙarfen inji inda babu fenti, nesa da ramin fulogi, gama tururin fetur yana fita daga ramin, yana iya kamawa. Makunni a kan ON. Wani ya ja igiya da ƙarfi. Jan kasala ba ya kawo wuta. A yi gwajin a inuwa, domin hasken rana yana ɓoye tartsatsi.

Tartsatsi mai kyau shuɗi ne, yana yin ƙara, tas, tas, a kowane juyi. In babu, a sa sabon fulogin nan na cikin kwali a sāke gwadawa. In wuta ta zo, an gama, tsohon fulogi ne ya mutu.

Ku lura da wannan: wuta takan yi tsalle a waje, amma ta kāsa a cikin inji inda matsi yake da yawa. Don haka muke ba da shawara a ajiye wani tsohon fulogi mai aiki, a karya ƙugiyarsa, ya zama na gwaji. Kwayil mai lafiya zai sa wuta ta tsallaka wannan babbar tazara. Wanda ya gaji ba zai iya ba. Kada kuma a ja igiya hular fulogi tana reto ba ta haɗe da kome ba. Wutar da ta rasa hanya takan huda kwayil daga ciki.

MATAKI NA 4: A RABA KWAYIL DA MAKUNNI

In sabon fulogi ma bai kawo wuta ba, kada a ce kwayil tukuna. A nemi siririyar baƙar wayar nan, a zare ta daga inda ta haɗu da makunni, a tabbata bakinta ba ya taɓa ƙarfe. A sāke gwaji, fulogi yana waje.

In wuta ta komo, kwayil ba shi da laifi. Saura abu uku: makunni, wayar kanta, ko mai gadin baƙin mai. A bi wayar da yatsa. Ɓera yakan ci ta a ɗakin ajiya da damina, girgizar inji kuma takan goge ta a jikin ƙarfe. In ta feɗe, a naɗe ta da tef. In lafiyarta ƙalau, a mai da ita, a zare rawayar wayar da take fitowa daga gindin inji, ita ce ta mai gadi. In wuta ta zo, alhali mai a cike yake, injin kuma a daidai, to, mai gadin ne ya maƙale. Sau da yawa tsohon mai mai kauri ne yake maƙale shi, canja mai yakan warkar da shi.

Muna roƙonku, kada ku zare wayar mai gadi ku bar ta haka don inji ya riƙa tashi. Mun ga injunan da aka yi wa haka, ƙarshensu fistin ya kafe a ciki. Wanda ya kori mai gadi don ya hana shi barci, ya buɗe wa ɓarawo ƙofa.

MATAKI NA 5: HULA DA BABBAR WAYA

In an zare baƙar waya har yanzu shiru, sai hular fulogi. A yawancin injunan nan murɗa ta aka yi a kan babbar waya, ana warware ta hagu. A dubi bakin wayar. In ya yi tsatsa ko ya yi kore, a yanke wajen santimita 1, a mai da hular. A dubi hular ko ta tsage. In wani a ƙungiya yana da mita irin ta masu gyaran rediyo, hular Honda mai lafiya tana nuna tsakanin om 7,500 da 12,500. Raɓar asuba ma takan kwanta a kan waya, wuta ta bi danshin ta gudu. A goge da busasshen tsumma.

MATAKI NA 6: KWAYIL DA MAGANAƊISU

Yanzu ne za a kwance murfin igiya. A cire laka, da gidan zanzaro, da ciyawa. A kai sukudireba kusa da maganaɗisu, ya kamata ya fizge ta da ƙarfi. Sa'an nan a dubi tazarar da take tsakanin ƙafafun kwayil da fulawil. A kan GX160 milimita 0.2 zuwa 0.6 ce. Katin banki ya yi kauri a nan. A sami kati irin na gayyatar biki. A sassauta kusoshi biyu na kwayil, a juyo maganaɗisu ya fuskance shi, a sa katin a tsakani, a bar maganaɗisun ya jawo kwayil ya danne katin, a ɗaure, a juya fulawil katin ya fita. A goge inda kwayil yake zama a jikin inji, gama tsatsa a wurin tana rage wuta.

In an yi dukan waɗannan babu wuta, yanzu an sami dalilin zargin kwayil. Duk da haka, in wata ƙungiya kusa tana da inji iri ɗaya, a aro nasu na rabin sa'a a gwada. In za a saya, a tafi da tsohon a hannu, da lambar inji a rubuce.

INJIN DA YAKE MUTUWA IN YA YI ZAFI

Wani inji yakan tashi lafiya, ya yi minti 15 ko 20, ya mutu, ya ƙi tashi sai ya huce. Da ya mutu, nan take a sa fulogin gwaji a hula a duba, a yi hankali da salansa. In babu wuta da zafi, amma akwai da sanyi, kwayil ne ya tsage a ciki. In akwai wuta, a sassauta murfin tanki. In ya ja iska, inji kuma ya tashi, ƙofar iskar murfin ce ta toshe. In ba haka ba, makaniki ya duba bawul.

TSOFAFFIN INJUNA MASU KWANTAK

Har yanzu akwai tsofaffin injuna a rumbunanmu, irin su Robin na farko, da Briggs & Stratton da aka ƙera kafin 1982. Waɗannan suna da kwantak da kandansa a ƙarƙashin fulawil. Kwantak wasu 'yan leɓuna biyu ne na ƙarfe masu buɗewa da rufewa. In inji ya kwana damina a ajiye, sukan yi tsatsa. A goge su da samfefa mai laushi, a ja farar takarda a tsakaninsu har ta fito da tsabta, gama ɗigon mai ɗaya ya isa ya hana wuta. Tazararsu a kan Robin wajen milimita 0.35 ce, sa'ad da suka buɗe iyaka. In sun ƙone sun yi ramuka, wuta kuma ta yi ja-ja, kandansa ne ya gaji. A canja su tare.

Kada a doki fulawil da guduma don ya fita. Yana da nasa abin cirewa, makaniki yana da shi.

GA MASU INJIN KWALEKWALE

Wasu 'ya'yan ikilisiyoyinmu sukan tafi cin rani wajen su da fito a Yauri, da Kainji, da Tiga. Sun roƙa mu faɗi wani abu game da tsohon injin da ake rataya a bayan kwalekwale. Wutarsa ta hanya ɗaya take fitowa da ta injin ban ruwa, matakan ma ɗaya ne. Ga bambancin.

Na ɗaya, makunninsa yana da wata 'yar maƙala mai jar igiya wadda direba yake ɗaurawa a hannu. In ba ta zauna daidai ba, babu wuta. Da ita za a fara. Ruwa kuma yakan shiga makunnin ya ci shi. A kan Yamaha farar waya ce take kashe inji, a kan Johnson da Evinrude baƙa ce mai ratsin rawaya. A zare ta a gwada, kamar mataki na 4.

Na biyu, irin su Yamaha Enduro mai doki 15 da mai doki 40, fulogi biyu gare su. In duka biyu babu wuta, a nemi abin da suke tarayya a kansa: makunni, kwayil na ƙarƙashin fulawil, ko ɗan baƙin akwatin wuta mai suna CDI. In ɗaya ne kaɗai ya mutu, inji yana rawa ba ƙarfi, a sauya wa fulogan wuri. In ciwon ya bi fulogi, shi ne mai laifi. In ya tsaya inda yake, a dubi hula da waya da kwayil na wannan gefe. Akwatin CDI ya fi kome tsada, shi ne na ƙarshe da za a zarga.

Na uku, a injin nan ana gauraya mai na musamman da fetur. Ga masu awo 50 da 1, rabin lita ke nan a jarka mai lita 25. In an wuce haka, fulogi yakan yi baƙi ya daina aiki. In an rage, inji ya ƙone. A bi awon da aka rubuta wa injinku. A sayi fulogi mai lamba ɗaya da na asali. Na NGK da lambarsu ta ƙare da 10, tazararsu milimita 1 ce. Tsofaffin Johnson da Evinrude masu kwantak, tazarar kwantak ɗinsu milimita 0.5 ce.

Na huɗu, in farfela ta doki dutse ko kututture, ko notin fulawil ya saki, ɗan ƙarfen da yake riƙe fulawil a mazauninsa yakan yanke. Sai a ga wuta shuɗiya, ga fetur, amma inji yana harbi ko yana fizge igiya daga hannu, domin wutar ba ta zuwa a kan lokaci. Wannan aikin makaniki ne.

Kada a ta da injin kwalekwale a tudu ba ruwa. Robar da take jawo masa ruwan sanyaya takan lalace nan da nan. A yi kowane gwaji a bakin gaɓa. Inji mai wasa da wuta kada a ɗauki mutane da shi, kada kuma a shiga ruwa ba filafili da rigar ruwa. Lambu in ya bushe ana sāke dashe, rai kuwa ba a sāke shi.

IN WUTA TANA NAN AMMA YA ƘI TASHI

In fulogi ya jiƙe sharkaf, a rufe fetur, a buɗe cok, makunni a kan OFF, a ja igiya sau 5 fulogi yana waje, a shanya shi a mayar. A ɗaura da hannu tukuna, sa'an nan sifana ta ƙara kaɗan. A kwance kusar da take gindin kafireta, a tari man a kwalba mai haske. In akwai ruwa, zai kwanta a ƙasa. Fetur ɗin da ya kwana watanni a tanki a zubar da shi. Ba kullum laifin inji ba ne: a watan Fabrairu na 2022 an shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan, ya lalata injuna da yawa. In kuwa igiya tana zuwa sakwaf ba nauyi, matsi ne babu. Wannan sai makaniki, ku kuwa za ku iya gaya masa abin da kuka riga kuka gwada.

GARGAƊI BIYU

Kada a ta da famfo ba a cika shi da ruwa ba, ko don gwaji ne, gama abin da yake hana shi yoyo yakan ƙone. Kada kuma mutum ya tsaya cikin rami mai zurfi ko ɗaki tare da inji yana aiki. A cikin hayaƙinsa akwai guba marar wari mai kisa.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Kayan taro yakan rasa mai kula. Muna ba da shawara biyar:

1. A zaɓi mutum biyu masu lura da inji, ɗaya matashi, su koyi matakan nan.
2. A sayi littafin rubutu. Duk wanda ya ɗauki inji ya rubuta rana da sa'o'in da ya yi. Sabon inji a canja masa baƙin mai bayan sa'a 20, daga nan kowace sa'a 100. A duba man kowace safiya.
3. A yi wa inji mazauni na katako, a tsare shi daga rana da raɓa. A wanke matatar iska a kai a kai da hunturu.
4. Ma'aji kada ya fitar da kuɗin kayan gyara sai masu lura sun faɗi gwajin da suka yi.
5. In rani ya wuce, a tsiyaye fetur daga tanki da kafireta, a zubar da ruwan famfo, a ajiye injin inda ɓera ba zai kai ba.

Wanda inji ya tsaya a hannunsa ya faɗi gaskiya da wuri, sauran kuma kada su tasa shi gaba da zargi. Tsoron zargi shi yake sa a ɓoye ƙaramin ciwo har ya girma. Injin nan amana ce. A cikin kuɗinsa akwai guminku, da na gwauraye, da na zumuntar mata.

A taronku na gaba, ku kawo inji, ku karanta takardan nan da ƙarfi, kowa ya kwance fulogi da hannunsa ya ga wutar da idonsa tun injin yana da lafiya. Wanda ya san kamannin wuta mai kyau, shi zai gane ranar da ta ɓata.

Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku, ya tsare ku a gona da hanya. Amin.